Damina a Hanyar Gamboru

Tsakanin Maiduguri da Gamborun Ngala tafiyar kilomita 140 ce ko kusa da haka. Da rani, in hanya lafiya lau, wanda ya karya kumallo a Muna Gareji yana iya yin sallar Azahar a bakin iyakar Kamaru. Da damina kuwa babu direban babbar mota da zai yanka maka ranar isa. In ka matsa masa da tambaya sai ya ce, "Sai yadda ƙasa ta ga dama." Ta wannan hanya kayan Kano suke shiga Chadi: a tsallaka gadar kogin El Beid zuwa Fotokol, a bi ta Maltam zuwa Kusseri, a hau gadar Ngeli da ke kan kogin Logon, sai ga ka a Injamena. Chadi ba ta da bakin teku, saboda haka sabulun da mace za ta saya a kasuwar Injamena, da taliya, da bokitin roba, da atamfa, da yawansu a bayan tirela suka sha wannan doguwar tafiya.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana jan tirela tun ina firamare. Na daɗe ina roƙonsa ya tafi da ni gabas in ga hanyar da yake ba mu labarinta, kullum yana cewa in bari sai rani. Da ya ga daminar nake son gani, sai ya yi shiru, can ya ce in nemo dogon takalmin roba da gidan sauro. A ƙarshen watan Agusta muka ɗaura niyya.

A Kasuwar Singa ta Kano aka yi lodi. Buhunan sukari a ƙasa, katan-katan na taliya da sabulu da madara a sama, 'yan dako suna hawa katako suna sauka, gumi yana tsiyaya. Kawu bai damu da ƙirga katan ba, wannan aikin mai kaya ne. Shi dai yana tsugune a gefe yana kallon yadda sifirin yake lanƙwashewa. Har an fara ɗaure tamfol sai ga ɗan kamasho da wani ɗan kasuwa, wai akwai sauran sukari, a taimaka a ɗora. Kawu ya ce mota ta ɗauki iyakarta. Ɗan kamasho bai yi musu ba, ya kira mai mota a waya ya miƙa masa. Ina jin Kawu yana cewa, "Alhaji, damina ce fa. Hanyar Dikwa ce fa." Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "To, ranka ya daɗe." Aka kwance igiya aka ƙara kaya.

Ba zan ce mugunta ce ta sa Alhajin ya yarda ba. Tun 2022 da man dizal ya yi tashin gwauron zabo, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2023, mai mota yake lissafin kowane sawu da kwabo-kwabo, ga taya da kayan gyara suna bin farashin dala. Hanya mafi sauƙi ta cike giɓi ita ce ƙarin kaya. Ƙa'idar da ƙasashen ECOWAS suka amince da ita a 2012 ta ce tirela mai jerin tayoyi shida kada nauyinta duka, ita da kayanta, ya wuce tan 51. Wanda ya san tirelar siminti zai yi lissafin da kansa: buhu 600 tan 30 ne, buhu 900 tan 45, ga nauyin motar kanta da ba ya kasa tan 15. Tun gwajin da injiniyoyi suka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 aka san cewa in nauyin da ke kan jerin taya ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkawa wajen sau 16. Daga Kano har Gamboru babu inda aka ɗora mu a kan sikeli.

Zangon farko ba shi da labari mai yawa. Wudil, Shuwarin, Azare, sai Potiskum, garin masu tirela da kasuwar shanu, inda kusan kowane mai shayi ya san Kawu. Daga Damaturu ya fara duba agogo, domin ana rufe ƙofar shiga Maiduguri da yamma, kuma babu direban da ya manta abin da ya faru a Auno a watan Fabrairun 2020, lokacin da aka far wa matafiyan da dare ya riska a bakin shinge, aka kashe kimanin mutum 30, aka ƙona motoci. A wannan yanki kwana a kan hanya magana ce ta rai da mutuwa, kuma wannan shi ne abin da ya bambanta kafewa a nan da kafewa a wani wuri.

Hanyar Dikwa ba a shigarta gaba gaɗi. Bayan harin da aka kai Gamboru a watan Mayun 2014, wanda ya ci rayuka sama da 300, da mamayar da ta biyo baya, hanyar ta mutu murus, sai a 2016 aka sake buɗe ta da rakiyar sojoji. A Muna muka shiga layi muna jiran ayari ya tashi. Direbobi suna kewaya juna da tambaya guda: an yi ruwa jiya a Dikwa? Wanda ya iso daga can jikin motarsa duk baƙar laka har gilashi, shi ne ake rufawa a kansa. Ba sa tambayarsa lafiyar gida sai sun ji inda ya ratse, da hannun da ya bi, da mota nawa ya baro a zaune.

Maiduguri tana kan wani dogon tudun rairayi da ya miƙe ta Bama har cikin Kamaru. Masana ƙasa sun tabbatar gaɓar tsohon Tafkin Chadi ce, a zamanin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, shekara wajen 7,000 da suka wuce. Wanda ya gangara gabas daga Maiduguri a cikin ƙasan tsohon tafki yake tafiya. Bayan Mafa itatuwa suka fara raguwa, kafin Dikwa ƙasa ta sauya launi, ta yi baƙi, ta shimfiɗe har iyakar gani, ba tudu ba kwari. Wannan ita ce firki, lakar da ruwa ya kwantar shekara da shekaru. Da rani takan tsattsage, tsaga mai zurfin da hannu zai shige. Ruwan farko yana gangarawa cikin tsagar, lakar ta sha ta kumbura, ta toshe kanta, daga nan ruwa ba ya ƙara nutsewa, kuma ba shi da gangaren da zai bi. Ruwan sama a nan bai kai na Kano yawa ba, amma wanda ya sauka yana nan a kwance har sai rana ta shanye shi. Shi ya sa garin Rann, gabas da Ngala, yake yankewa daga sauran ƙasa kowace damina, masu kai agaji sai da jirgi mai saukar ungulu.

Mutanen da suka san wannan ƙasa tun fil azal ba su taɓa yin jayayya da ita ba. Garuruwansu a kan tuddai suke. Wani masanin tona tarihi mai suna Graham Connah ya haƙa tudun Daima da ke kusa da Ngala a 1965 da 1966, ya tarar tsayin nan da ya haura mita 10 duk zaman mutane ne bisa zaman mutane. Ya kuma lura da abin da ni ma na gani da idona: babu dutse a firki. Dutsen niƙa da na gatari da ya tono duk daga nesa aka kawo su, irin su duwatsun Mandara. Mai gina hanya a yau yana fuskantar abin da mutumin Daima ya fuskanta. Tsakuwa da marmara sai an yi dakonsu daga nesa, sai an ɗaga hanyar sama da ruwa, an gyara lakar da ke ƙarƙashi ko an kwashe ta, an jera kwalbatoci. In aka yi ha'inci a ɗaya daga ciki, lakar da ke gefen hanya ta kumbura da damina ta motse da rani, kwalta ta tsage a tsaye, ruwa ya shiga, tirela mai kaya fiye da kima ta zo ta ƙarasa aikin.

Mun wuce Dikwa da hantsi, garin da Rabe ya mayar hedkwatarsa bayan ya ci Kukawa a 1893, har yanzu ganuwar gidansa tana nan. Bayan Gajibo kwalta ta zama tsibiri-tsibiri a cikin ruwa. Can muka iske wani rami da ya cinye hanya gaba ɗaya, wata tirelar siminti ta faɗa a tsakiyarsa ta karkace, ta toshe ko'ina. Motoci sun buɗe ratse ta hannun hagu, cikin fili. Kawu ya tsaya, ya ce wa yaron mota, wani saurayi ɗan Haɗeja mai zafin nama, ya sauka da sanda. Yaron ya naɗe wando ya bi sawun yana caka sanda. Saman ya sha rana ya yi tauri, mutum yana takawa ba ya nutsewa, amma da ya danna da ƙarfi sandar ta shige har rabi. Ƙasar kamar kunun da ya huce a kwano take, sama ya yi fata, ciki ruwa. Manyan motoci uku sun riga mu bi, kowacce ta fasa fatar ta cuɗa cikin.

"Kawu, mu jira mana ta ƙara bushewa," in ji ni.

"Ɗana, ka dubi gabas," ya ce. Hadari ne yake haɗuwa. "In wannan ya sauka, nan da mako ba mai wucewa. Ayari kuma ba zai tsaya saboda ni ba."

Ya yi bisimilla, ya sa ƙaramar giya, ya kulle tayoyin baya su juya tare, ya shiga. Dabarar laka ita ce kada a yi sauri kuma kada a tsaya. Mun ci fiye da rabin ratsen sai wata akori-kura da ke gabanmu ta mutu a tsakiyar sawu. Babu wurin kaucewa, ga mutane a bayanta. Kawu ya ɗaga ƙafa. Na ji motar ta yi wani nishi, bodi ya sunkuya ta dama a hankali, yaron ya yi ihu daga ƙasa, "Oga, ta zauna!"

Kawu ya gwada sau ɗaya, gaba da baya, sannan ya kashe inji. Daga baya na fahimci cewa wannan kashe injin shi ne gwaninta. Sabon direba yakan ci gaba da ba ta wuta, laka ta cike zanen taya ta zama sumul, taya ta riƙa juyawa tana haƙa wa kanta rami har cikin motar ya kwanta a ƙasa, kuloci ya ƙone, a tashi daga matsala ɗaya a koma biyu. Mun sauka muka duba. Tayoyin bodi na dama sun nutse har sun ɓace, na kan motar sun shiga rabi.

Kafin mu gama dubawa samari sun iso da shebur da fartanya, wasu a keke wasu a ƙafa. Yawancinsu 'yan gudun hijira ne da rikici ya raba da ƙauyukansu, wannan haƙa ita ce sana'arsu ta damina. Aka yi ciniki, suka tuɓe riguna. Ban taɓa ganin aiki mai cin rai irin haƙar firki ba. Shebur ya shiga da ƙyar, ya fito da laka manne a jikinsa, sai wani ya sa hannu ya yaɓe ta kafin a sake sarawa. Mutum ya ɗaga ƙafa, takalmi ya tsaya a ƙasa. Ramin da aka haƙa a gaban taya kafin a juya ruwa ya tsattsafo ya cika shi, yara biyu suna kwalfewa da bokiti. Aka shimfiɗa katako aka ɗora jak, yaron mota yana bugawa, maimakon mota ta ɗaga sai katakon ya riƙa nutsewa. Aka sa wani katako a kan na farko, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

A wani wuri da sai a tara duwatsu a cusa ƙarƙashin taya. Nan babu ko tsakuwar jifa. Aka saro rassan ƙaya aka jera, laka ta haɗiye su. Sai na ga wasu samari suna tahowa da faifan baƙin abu a ka, kowane guda da kuɗinsa. Ɓallin kwalta ne, daga gefen hanyar suke ɓamɓaro shi. Raina ya ɓaci ƙwarai da ganin haka, domin kowane ɓalli da aka cire faɗaɗa ramin gobe ne, amma ban iya buɗe baki na hana ba. Motar kawuna ce a cikin laka, rana tana yin ƙasa, kuma Kawu da kansa ya sa hannu a aljihu ya saya.

Da la'asar wani direba ɗan Potiskum da ya samu ya haye ya dawo da baya ya ce a ɗaura sarƙa. Irin wannan taimako direbobi ba sa karɓar kuɗi a kansa, yau kai ne gobe wani. Kawu ya kori kowa nesa, ya ce sarƙa ko waya in ta tsinke tana dawowa da ƙarfin da zai raba mutum da ransa, ya taɓa gani da idonsa. Aka ja, motar ta motsa kamar taku ɗaya, tayoyin mai jan suka fara sulɓi a kan kwaltar da laka ta shafe. Ya ja da baya ya fizga. Sarƙar ta tsinke da ƙara, guntunta ya tarwatsa fitilarmu ta dama. Ɗan Potiskum ya ce a ƙulla a sake, Kawu ya riƙe hannunsa ya ce, "Ya isa, ɗan'uwa. Kada in kashe maka kuloci a banza. Allah ya saka da alheri, bi ayari." Ya tafi yana waiwaye.

Sa'ar da muka yi ita ce akwai shingen sojoji a kusa, kuma ba mu kaɗai ba ne, ga mai siminti, ga wata motar a bayanmu. Aka ce kada a kunna fitila ko wuta in duhu ya yi. Muka dafa shayi tun da sauran haske, muka yi Magariba da Isha a kan tamfol, saman kaya, don babu busasshen wurin da za a shimfiɗa darduma. Sauron firki ba ya jin hayaƙi ba ya jin mari. Tsakar dare hadarin nan ya sauka. Kawu bai runtsa ba, yana fita cikin ruwa yana shafa igiyoyi, yana duba karkatar bodi, domin abin da yake tsoro shi ne motar ta kwanta da gefe. Da gari ya waye duk haƙar jiya ta shafe, motar ta ƙara nutsewa wajen taƙi guda.

Da hantsi wani dattijo Babarbare ya iso, ya tattare rigarsa a kafaɗa, jikansa yana biye. Ya yi sallama ya jajanta, sannan ya ce mu zo mu gani. Ashe filin da motoci suka mayar hanya gonarsa ce. Ya nuna mana ƙananan kunyoyi da ya ɗaga da fartanya kewaye da gonar don su riƙe ruwa, tayoyi sun yanka su, ruwan yana zurarewa cikin sawun mota. Masakwa yake nomawa. Ana yafa irinta a wani wuri daban, in damina ta ja baya ruwa ya janye, wajen Satumba zuwa Oktoba, a huda laka da ƙaton turke mai tsini a dasa, a zuba ɗan ruwa a ramin, shi ke nan. Ba ta ƙara ganin ruwan sama, danshin da lakar ta riƙe shi take sha har a girbe ta cikin sanyi, wajen Janairu ko Fabrairu.

"Ɗana," ya ce wa Kawu, "ruwan nan da kuke tsine wa tun jiya, ni tare shi nake yi. Abincin gidana ne na shekara."

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba. A yi haƙuri, ba da son ranmu muka shigo ba." Ya haɗa da sauran direbobin suka ba shi abin da ya sawwaƙa. Dattijon ya karɓa bai ƙirga ba, ya tsaya yana nuna wa samari inda ƙasa ta fi ƙarfi. Tun da na ga gonar nan na daina ɗora wa firki laifi. Ƙasa ce mai ciyar da mutanenta, halinta kuma a bayyane yake ga duk wanda ya zo gina hanya a kanta.

Saura maganar kuɗi. Waya ba ta kamawa sai an hau can saman kaya, nan Kawu ya tsaya yana kiran Kano. Mai mota ya ce ai ya ba da kuɗin hanya, kuma wa ya ce a sauka daga kwalta? Mai kaya ya ce shi ya ba da kafin alƙalamin kuɗin dako, kayansa kawai yake jira, in sukari ya jiƙe kuma a san da shi. Inshorar motar irin wadda doka ta tilasta ce, naira 100,000 a shekara ga babbar mota tun Janairun 2023, kuma ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwanta da motar da ta kafe. Kuɗin hanya kuwa, wanda direba yake cin abinci a ciki ya sallami shingaye ya yi faci, in ya rage ya kai gida, masu haƙa da ɓallin kwalta sun riga sun ci rabinsa. Aka yi shawarar sauke kaya don mota ta yi sauƙi, amma a ina za a jibge sukari da katan a cikin ruwa? Kuma saukewa kuɗi, mayarwa kuɗi. Dole aka nemi janwe.

Ba ta iso ba sai da wani ayarin ya taso daga Maiduguri. Mai janwen ya sauko ya kewaya motar, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya tambayi tan nawa ne. Kawu ya faɗa masa gaskiya. Kuɗin da ya yanka ya haura rabin kuɗin dakon gaba ɗaya, daga Kano har Gamboru.

"Haba Malam, ai wannan yanka ne ba wuƙa," in ji Kawu.

"Oga, lissafa da kanka. Man da na ƙona zuwa, da wanda zan ƙona komawa. Yarana biyu. Wayar nan in ta tsinke daga waje ake kawo ta. Ni ma raina na ɗauko na shigo dajin nan. In kuma na kafe, wa zai ja ni?"

Aka daɗe ana ja-in-ja, mai siminti ya shigo ciki don a haɗa ciniki biyu a sami ragi. Aka daidaita a kan rabi yanzu, rabi in mota ta hau kwalta. Mai mota ya turo wani abu bayan dogon roƙo, da sharaɗin za a yi lissafi in an dawo. Kawu ya cika sauran da kuɗin da ya ware na makarantar 'ya'yansa.

Aikin kansa ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Mai janwen bai sauka daga kwalta ba ko taku ɗaya. Ya nemi tsibirin da ya fi ƙarfi ya tsaya, ya kafa ƙafafun ƙarfe a ƙasa, yaransa suka ja waya mai kaurin wuyan hannu suna nutsewa har gwiwa. Ya ƙi ɗaurawa a bamba, ya ce sai a jikin shasi. Ya ratsa wayar ta cikin wata 'yar tayar ƙarfe ta dawo wurinsa, ƙarfin ja ya ninka biyu. Ya sa aka sake haƙa gaban kowace taya a gangare, aka fasa lakar da ta manne wa cikin motar, don ita ce take riƙe ta kamar ana tsotsa. Ya ɗaura wata igiyar a saman bodi ta hagu saboda karkata. Sannan ya ce wa Kawu ya tayar da inji ya sa giya, amma kada ya ba ta wuta sai ya ɗaga hannu. Gangar ta fara naɗe waya a hankali, wayar ta miƙe tana ƙara, laka tana ɗiga daga jikinta. Da farko kamar ba abin da ke faruwa. Can sai ƙasa ta yi wata irin tsotsa mai ƙarfi, tayoyin da suka ɓace suka ɓullo baƙi ƙirin, samari suka ɗauki kabbara. Aikin da ya gagari mutum ashirin da shebur bai ɗauke shi awa biyu ba.

Direbobi da yawa suna kiran masu janwe azzalumai, kuma akwai waɗanda suka cancanci sunan, masu ganin mutum a cikin ƙunci su ninka farashi don sun san ba shi da zaɓi. Wanda ya ja mu dai ya yi aikin kuɗinsa, kuma lissafinsa ba ƙarya ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda nauyin ya sauka. Wanda ya ce a ƙara kaya yana Kano. Waɗanda hakkin gyaran hanya yake wuyansu suna ofis. Mutumin da ya ce mota ta ɗauki iyakarta, shi ne ya kwana a ruwa, shi ne kuma ya taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansa. Kuɗin da aka ƙi kashewa a gina hanya mai ƙwari ana biyansa duk da haka, kowace damina, a hannun masu janwe da masu shebur da masu gyaran kuloci, daga baya ya bi katan ɗin sabulu har kasuwa. A Kamaru da Chadi akwai shingen ruwan sama a hanyoyin da ba kwalta, in an yi ruwa a tsare manyan motoci har ƙasa ta sha iska. Direbobi suna ƙorafi da shi, amma jiran yini a bakin shinge ya fi arha a kan abin da na gani. Sikeli a bakin Muna, da janwe ko katafila a Dikwa mai farashi sananne, ba su fi ƙarfin hukuma ba ko kafin a gama ginin hanya.

Mun shiga Gamboru da yamma, fitila ɗaya, motar ba a gane launinta. Wakilin mai kaya ya zo da biro da takarda, aka sauke, ya ware buhunan sukarin ƙasa da danshi ya taɓa da katan ɗin da suka lotse ta gefen da bodi ya karkata, ya ce za a cire daga cikon kuɗin dako. Mai mota ya ce shi zai ɗauki rabin kuɗin janwe, sauran da na fitila da na sukari a riƙa zara daga albashin Kawu wata-wata. Na ce wa Kawu wannan ba adalci ba ne, ya bari in yi magana da Alhajin. Ya ce in rufa masa asiri, direbobi marasa mota sun cika tasha.

Da dare a wurin mai shayi direbobi suka sake tayar da wata magana da suka daɗe suna yi: kowa ya riƙa zuba wani abu a kowane sawu, a tara asusu, duk wanda ya kafe a biya masa janwe daga ciki, in kuɗi ya taru ma a sayi tasu a ajiye a Dikwa. Aka yi ta gardama a kan wanda zai riƙe kuɗin, da ko za a biya wa wanda ya yi lodi fiye da kima. Wani ya ce in aka cire masu lodi fiye da kima ai ba wanda zai rage. Ba a gama daidaitawa ba, amma ɗan Potiskum ɗin nan da ya ja mu da sarƙa ya yago takarda ya fara rubuta sunaye, Kawu ya ce a sa nasa. Washegari na sami ƙaramar mota na juyo Maiduguri, shi kuma ya tsaya neman fitila da kayan komowa. Bashin bai fita daga albashinsa ba sai da sanyi ya shiga.